Gwanin Maigida Ya Sha Kaye

Ikara, daren Alhamis

Yau na gyara tarihin wani tsohon Baturen ɗan wasan sinuka (wasan buga ƙwallaye da sanda a kan tebur) a kundin ilimi na intanet. Marubucin farko nasarorinsa kawai ya jera, sai na ƙara wasan ƙarshen da aka lallasa shi.

Maigidana ya leƙo wayata. Baturen gwaninsa ne tun Maigida yana saurayi a Maƙarfi. Ya ce, "Haba Maryam, ki rufa wa bawan Allah asiri mana." Na ƙi. Ya yi fushi har tuwonsa ya huce.

Can ya matso. "To ki rubuta cewa ya rungumi wanda ya doke shi." Na bincika, gaskiya ne, na saka. Da na karanta masa, sai ga shi yana share ido, wai hayaƙin maganin sauro ne.