Kunnen Ummi

Ƙofar Wambai, Bauchi.

Zuwa ga Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya zaman Fatakwal? Mu nan lafiya ƙalau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, maganar 'yarki Ummi ce ta hana ni sukuni. Malamarsu ta ce an fara koya musu haɗa sauti su karanta gajerun kalmomin Turanci irin su "bag" da "big", kowa ya kama ban da ita. Sai na riƙa zaunar da ita bayan la'asar, ina faɗin sauti tana maimaitawa. In tana kallona ba ta kuskure. Amma shekaranjiya ina tsintar shinkafa, kaina a sunkuye, na ce, "Ummi, ce 'a'." Shiru. Na sake, shiru. Har na fara faɗa, sai ta ce, "Anti, ki ɗago in ga bakinki, sai in ji."

Na ajiye shinkafar. Na zagaya bayanta na kira sunanta, ko motsi ba ta yi ba.

Inna ta ce taurin kai ne kawai, a ƙyale ta. Ni kuwa ranar Litinin nake so in kai ta wajen likitan kunne. Don Allah ki kira Inna ki lallashe ta, ke ce take jin maganarki.

A gaida Baban Ummi da yara. Ki sa mu a addu'a, Yaya. Ita dai Ummi kullum tambayata take yi yaushe za ki zo ta karanta miki.

Ƙanwarki,
Hadiza