Jan ƙyallen da na ɗaura a famfon feshi

Assalamu alaikum Admin, sannu da ƙoƙari. Ka taimaka ka saka min wannan a gurup amma ka sakaya sunana, akwai 'yan garinmu a ciki. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, musamman masu irin larurata.

Ni magidanci ne, da matata da 'yarmu ɗaya, a wani ƙauye muke kusa da Kademi. Har yanzu gandu muke yi, ni da yayana muna noma gonar Baba tare, rumbu ɗaya tukunya ɗaya, sai kowa da 'yar gayaunarsa da yake nomawa don buƙatun kansa. Tun ina yaro Mantau ake ce min a gida, a aike ni sayen gishiri sai a tsince ni a maƙera ina kallon ƙirar fartanya, gishirin kuwa na manta an yi zancensa. An yi duka, an yi rubutun sha, Inna har Toranke ta kai ni wajen mai ruƙiyya, babu abin da ya canza. Sai bara wani abokina ma'aikacin lafiya ya matsa min na je wani asibiti a Kano, likita ta yi min tambayoyi kamar ba za ta gama ba, ƙarshe ta ce abin sunansa ADHD, ba aljanu ba ne ba kuma iskanci ba, haka ƙwaƙwalwata take aiki. Wallahi ranar da murnata na hau motar Gaya, na ɗauka tunda an san sunan abu ai an gama da shi.

Ta koya min dabaru, in riƙa saka alam a waya, in haɗa kowane aiki da lokacin salla, in ajiye makulli a wuri ɗaya, abin da yake da hatsari kuma in sa masa alamar da ido zai gani. Kuma duk suna aiki, da farko. Matsalata ke nan da ban san yadda zan yi wa mutane bayaninta ba. Sabon alam in ya buga zumbur nake miƙewa, amma in aka kwana biyu sai hannuna ya koyi kashe shi ba tare da kaina ya sani ba. Na canza masa ƙara, na sa muryar wa'azi, na sa kukan zakara, kowanne ya yi zamaninsa ya mutu. Matata ta karɓi aikin tuna min, ita ma da kunnena ya saba da muryarta sai na fara jin kamar mita take min, wata rana na daka mata tsawa a kan abin da ni na roƙe ta ta riƙa yi, tun daga nan ta ja bakinta.

A gandunmu ni ne mai feshi, kuma famfon feshi ɗaya gare mu, da shi ake maganin ciyawa da shi ake na ƙwari. Duk manomi ya san in ka yi na ciyawa sai ka wanke tankin tas kafin ka zuba wani abu. Saboda na san halina sai na samo jan ƙyalle, duk ranar da na ajiye famfon ban wanke ba sai in ɗaura masa a hannu. Farkon damina dabarar ta yi min rana sosai har ina yabon kaina. To da waken Yaya na gayaunarsa ya fara fure, ya ce in yi masa feshin ƙwari, shi zai je ta'aziyya garin Balan. Waken nan da shi ya ci burin rufa ɗakinsa da yake yoyo. Kafin nan na yi feshin ciyawa a gefen gona, aka kira ni ban ƙarasa ba, na ajiye famfon da sauran magani a ciki, na kuma ɗaura ƙyallen, wannan kam ban manta ba. Da safen na ɗauko famfon, na ga ƙyallen da idona, na kwance shi na goge hannuna da shi na cusa a aljihu, na ƙara ruwa na zuba maganin ƙwari na bi waken kunya kunya. Ban tsallake ko ɗaya ba, aikin ranar ya yi kyau.

Da ganyen ya fara nannaɗewa furen yana zuba, Yaya ya kira ni gonar muka tsaya. Ni dai ina kallo, ina jira in ji wani abu a ƙirjina, tsoro ko kunya, ban ji komai ba, har yau kuma ban ji ba. A gaban Baba ya yi faɗan, ya ce wannan ciwon mai sunan Turanci a kan aikin mutane kawai yake tashi, in gyaran rediyo ko sola ne ai tun safe har La'asar ina zaune ko abinci ba na nema. Ban musa ba don gaskiya ya faɗa, likita ma ta ce haka abin yake, amma wa zai ji wannan a gaban ƙonannen wake. Na ce ya ɗauki amfanin gayaunata, ya ce ba wake yake nema ba, ƙanin da zai juya wa baya hankalinsa kwance yake nema.

Baba bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ka huta da famfon nan." Daga baya ya kira ni zaure ya ba ni zaɓi, in an gama kaka ko dai ya yanka min gonata in ware da rumbuna, ko in zauna a gandu amma ba ni ba taɓa magani ko taki ko iri sai Yaya yana tsaye a kaina.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, a duk dabarun nan wadda ba ta taɓa mutuwa ba ita ce aiki kusa da mutum. In ana gayya ko muna noma kafaɗa da kafaɗa da Yaya ba na manta komai. Amma zama a gandu bisa sharaɗin Baba yana nufin da gemuna da iyalina in koma wanda ake gadi har tsufa, kuma wanda zai yi gadin ya riga ya gaji da ni. Matata ta ce mu ware, za ta iya jure yunwa amma ba za ta iya jure ganin ana tsare ni kamar yaro ba. Na ji ta, sai dai na lura ita ɗin ma tun abin nan ba ta ƙara miƙo min maganin yarinya ta ce in ba ta ba.

Jiya 'yata ta zaro ƙyallen daga kayan wanki ta ce, "Abba, wannan na mene ne?" Na ce na tunawa ne. Ta ce, "To ka tuna?" Na ce mata je ki wajen Ummanki.

Ga kaka ta matso, Baba yana jiran amsata. Masu wannan larurar, ya kuke yi idan ido ya saba da alama, kunne ya saba da alam, wa yake tuna muku dabarar ita kanta? In zauna a riƙa tsarona, ko in ware? Domin in na ware, waken da zan ƙone nan gaba ba na rufin ɗakin Yaya ba ne, abincin yarinyar nan ne. Ku faɗa min gaskiya ko da zafi, ba na jin zafin komai yanzu.