Maburgin Habiba da Hannun Yaya Huraira

Gwaggo Hassana, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon zancena, tsufa ne. Na san na girme ki nesa ba kusa ba, amma tun da kowa Gwaggo yake ce miki a filin nan, ni ma na bi sahu. Ni tsohon mushe ne, wato malamin boko, na koyar a lakwal, makarantar firamare ke nan, tsakanin Magarya da Dungas har gashina ya yi fari, yanzu na aje alli ina zaune gida a Waca. Abin da ya hana ni sukuni kuwa, in na faɗa miki sai kin yi dariya. Maburgi ne. I, maburgin kaɗa miya.

Ina da jika, Habiba, 'yar babban ɗana, wadda nake tsokana da amaryata tun tana rarrafe. Bana ta gama karatun koyarwa, an tura ta wata lakwal ta ƙauye can bayan Dungas, da an buɗe makarantu za ta tafi. Karon farko ke nan da za ta kafa murhun kanta. A birnin Damagaram ta tashi, gidan shinkafa da maka, wato makaroni, amma ban san inda yarinyar nan ta gado son girkin gargajiya ba. Ko da yake ƙarya nake, na sani. In ta zo hutu ba ta zama, tana gidajen maƙwabta tana tambayar tsofaffi yadda ake sa kanwa a ɗanwake, da yadda ake turara dambun zogale. Ki ba ta tuwon hatsi da miyar kuka ta ji daddawar batso, kin gama mata komai.

Ubanta ya saya mata risho na gaz, uwarta ta haɗa mata tukwane masu ƙyalli. Ni kuwa ranar kasuwar Magarya na shiga layin masu ƙore na zaɓo mata maburgi, da marar kwasar tuwo, da ɗan ludayin duma, da faifai. Duka kuɗinsu bai kai na goron da nake ci a mako ba. Na ɗan ji kunyar arahar, ba zan ɓoye miki ba, amma ba ita ce damuwata ba. Damuwata ita ce a gidanmu ba a ba wa mace kayan girki sabo fil. Sai wata babba a cikin dangi ta yi girki da shi tukuna, sannan a miƙa. Mu muna cewa sai ya ci hannu.

Abin ya samo asali ne daga kakarmu Tata, mahaifiyar babanmu. Na riske ta da rai ina ɗan lakwal, tsohuwa tukuf, ba haƙori ko ɗaya, amma bakin nan ba ya gajiya. In tana tsince wake a inuwar rumbu da hantsi, labari ɗaya take maimaita mana har mun haddace. Da na girma na auna, sai na ga a shekarun 1890 ne abin ya faru, kafin Nasara su iso Damagaram, lokacin da wuri ne kuɗi, hanya kuma ba ta biyuwa sai cikin ayari saboda hare-hare. A lokacin ne aka kawo ta Waca aure daga wani ƙauye na gabas. Mahara sun riga sun kwashe musu rumbuna da awaki, uwarta Gimbiya ba ta da ƙwarya ko ɗaya ta jere da za ta bi 'yarta da ita. Sai ta shiga daji ta yanko reshen sabara, ta fere shi, ta tsaga gindin ta soka 'yan tsinke a gicciye, ya zama maburgi. Da ta dube shi fari fat, sai ta ji ba za ta iya bari a ce an kai 'yarta da icen daji ba. Shi ne ta riƙa kaɗa miya da shi safe da yamma har ranar tafiya, ya yi duhu, ya kama ƙanshin batso da hayaƙi, ya zama kamar abin gado.

Tata ta ce matan gidan miji sun yi mata dariya har da riƙe ciki. Ita kuwa in kewa ta taso mata sai ta juya baya ta shinshina shi. Kafin hanya ta yi lafiya ta je ganin gida, Gimbiya ta rasu, ba su sake haɗuwa ba. Na ga maburgin nan da idona, Gwaggo. Ya cinye ya koma kamar tsawon tafin hannu, tsinkayen duk sun zube, tana aje da shi cikin wani ɗan lefe. Takan miƙo mana mu shinshina. Ni wallahi tsohon ice kawai nake ji, ita kuwa sai ta rantse miyar uwarta ce, ta ce hancinmu ne ya toshe da ƙamshin alli. Bayan rasuwarta gara ta cinye shi, amma al'adar ta zauna. Duk 'yar da za ta bar gidanmu, ko muciya ce ko mara, sai ta ci hannu. Matata Hinda, Allah ya jiƙanta, ita ta yi wa 'ya'yanmu mata. Yau ba ta.

A duk waɗanda suka koyi girki a gaban Tata, mutum ɗaya ta rage a duniya, yayata Huraira, tana Dogo-Dogo gidan babban ɗanta Dikko. Ke dai bari! Zamanin da Yaya take da ƙarfi, in ta kaɗa kuka ba ki samun gudaji ko na magani, in ana biki har daga wasu garuruwa ake aiko da jaki a ɗauke ta. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar innarmu, tuwonta na ci na yi karatu. To idonta ya tafi, sai dishi-dishi. Daminar bara ta lallaɓa murhu ba wanda ya gani, wuta ta kama bakin zanenta, ta ƙone a ƙafa, aka daɗe ana jinya. Dikko ya rantse ba za ta ƙara kusantar wuta ba muddin yana numfashi. Ya tattara muciyarta da maburginta da ludayanta ya rabar.

Na je gaishe ta bayan sallar layya. Muna zaune a tabarma matar Dikko tana girki can gefe, da ƙanshin miya ya bugo, sai na ga Yaya ta haɗa tafin hannuwanta tana murzawa a hankali, ba komai a tsakaninsu. Ba ta ma san tana yi ba. Na kawar da kai na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Na kira Dikko a waya na faɗa masa buƙatata, miya ɗaya tak uwarsa za ta kaɗa da maburgin Habiba. Bai ma bari na kai ƙarshe ba. Ya ce ni ban ga ƙafar ba ran da abin ya faru, ya ce in yafe masa, amma ba zai sa uwarsa a gaban wuta don wani ice ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaron da aka raɗa wa suna a gabana! Har na ɗauki hula zan hau motar Dogo-Dogo in nuna masa ni kawunsa ne, sai na zauna, don can ƙasan zuciyata na san ba ƙarya ya yi ba.

Yanzu kayan suna rataye a ɗakina cikin leda, lokaci yana tafiya. In na ba Habiba su sabbi, ita ba za ta ce komai ba, za ta yi godiya har da tsalle, amma ni na san a hannuna igiyar Gimbiya ta tsinke. In na matsa kuma wani abu ya sami Yaya, ina zan sa kaina? Ko dai rigimar tsufa ce kawai nake yi, in haƙura? Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Naki,
Tsohon mushe, daga Waca

Mushe, na gaishe ka da girmamawa, kuma ban yi dariya ba. Ba rigimar tsufa kake yi ba. Amma bari in fara da wanda ka fi jin haushi.

Dikko yana da gaskiya. Shi ya ɗauki uwarsa ran da ta ƙone, shi ya yi zaryar wankin ciwo, kai labari ka ji. Mutumin da ya ga wannan, in aka ce masa murhu, ba maburgi yake gani ba, ƙafar uwarsa yake gani. Saboda haka ka aje maganar ni kawunka ne. Za ka iya tanƙwara shi da ita, amma za ka bar masa ciwo, kuma ko miyar ta yi daɗi ba mai jin daɗinta. Waya ma ba ta dace da irin wannan magana ba. Ka je da ƙafarka, ka fara da yi masa godiya kan riƙon da yake wa yayarka, don ban ga inda ka ce ka taɓa yi masa ba.

Kai ma kana da taka gaskiyar. Abin da ya faro daga uwa mai hannu wofi, ya ratso zamanin wuri har ya iso zamanin gaz, bai kamata a sake shi da sauƙi ba. Sai dai ka tuna al'ada ce ta gida, ba farilla ba. In kun je kun tarar Yaya ba ta jin daɗin jikinta, a bari, ba wanda ya yi laifi.

To amma ina ganin ku maza biyu kuna ja-in-ja ne a kan abin da ba ku taɓa yi da hannunku ba. Wa ya ce muku sai a kan wuta ake kaɗa kuka? Mata da yawa sai sun sauke tukunya suke kaɗawa, don ma kada ta yi gudaji. Rantsuwar Dikko a kan wuta ce, kuma ba mai taɓa ta. Ka ɗauki Habiba ku tafi tare. Ita za ta yi sanwa, ta sa batso, ta bari ruwan miya ya nuna. Sannan a sauke, a kai tukunyar inuwa nesa da murhu, a girke gindinta cikin rairayi yadda ba za ta goce ba, a bari tururin ya lafa. Yaya tana zaune a tabarmarta, an naɗe mata zane da kyau, Dikko yana gefenta yana riƙe da bakin tukunya da tsumma in ya so. Habiba tana barbaɗa kuka, Yaya tana murza maburgi. Wannan aiki hannu ne yake yinsa, ba ido ba. In an tuƙa tuwo a miƙa mata marar ta kwashe malmala ɗaya, ta ɗebi miya da ludayin, a rufe da faifan. Ka ga duka huɗun sun ci hannu a zama ɗaya.

Zancen araha kuwa ka cire shi daga ranka. Mai son girkin gargajiya ta san risho ba ya kaɗa miya. Ka dai duba kayan kafin ku tafi: a kankare maburgin in yana da ƙaiƙayi, a tabbata marar ba ta da tsaga, a wanke su a shanya a inuwa don kada rana ta fasa duman. In kana son ƙari, ka haɗa mata da ƙullin kuka da curin batso daga Dogo-Dogo. Kuma a hanya ka ba ta labarin Gimbiya da Tata kamar yadda ka ba ni, da dariyar matan gida da komai. Maburgin zai cinye wata rana kamar na farko, labarin ne za ta miƙa wa na bayanta.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Kai ka rubuto ne a kan kyautar yarinyar da za ta tafi, ni kuwa tun da na karanta takardarka tsohuwar da za a bari nake gani. Habiba tana da risho, da tukwane, da shekaru a gabanta in Allah ya so. A cikin labarinka akwai wata mai son girki fiye da kowa, wadda ba ta mallaki ko ludayi ba a yau. In kuka ba ta maburgi ta murza sau ɗaya, kuka karɓe kuka hau mota, kun tuna mata abin da ta rasa ne kawai.

Don haka ka koma layin masu ƙore kafin tafiyar, ka sayi maburgi na biyu. In Dikko ya ga da idonsa yadda aka yi lafiya, ka roƙe shi, ka roƙi matarsa, kullum in an sauke tukunya a kai wa Yaya inuwa ta kaɗa. Ɗaya ya bi Habiba, ɗaya ya zauna a gefen tabarmar Yaya Huraira, don in ƙanshin miya ya bugo ta haɗa tafin hannuwanta, ta tarar da wani abu a tsakaninsu.

Allah ya ƙara wa Yaya lafiya, ya saka wa Dikko da alheri, ya sa Habiba ta shiga aikinta da ƙafar dama. Allah ya jiƙan Gimbiya da Tata da Hinda. Kai kuma Mushe, ranar ka zauna ka ci tuwon nan da kyau, kuma in idonka ya kawo ruwa kada ka ɗora wa hayaƙi, don murhun yana nesa.

Taku,
Gwaggo Hassana