An Ce Ina da Aiki

Maman 'yan biyu,

An cire sunana daga cikin waɗanda gwamnati za ta koya wa haɗa sola. Jami'ar tantancewa ce ta kira ni ɗazu, bayan kin fita kai yara makaranta. Dalilinta ɗaya ne: shirin na marasa aiki ne, ni kuwa an ce ina da aiki.

Jiya da rana ta zo gidan nan don ta ga halin da nake ciki. Ta same ki a bakin ƙofa, ke da matar mai gidan haya. Da ta tambayi inda nake, sai kika ce, "Ai yana ofis, kin san aikin jarida ba hutu." Abin da ta rubuta ke nan.

Jaridar ta rufe tun bara. Na yarda ina sa rigar da kike gogewa, ina fita da jaka in wuni a ɗakin karatu, don kada a yi da ke a layi. Ban yarda rufin asiri ya cinye abincin yarana ba.

Na tafi ofishinsu. Ta ce wataƙila ta sake biyowa yau. In ta zo, ki faɗa mata gaskiya, ko da duk matan layin nan suna tsaye. Kada ki goge rigar gobe.

Litinin za a fara darasi. Ba a ba kowa gurbina ba tukuna, amma akwai mai jira.