Firjin da Ya Kwana a Kashe

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Kin ce in ba ki labarin kantin maganin da makaranta ta turo ni horo. To ga labari.

Ranar Litinin ni na buɗe kanti. Ina jan ƙofar firji sai ɗumi ya bugi fuskata. Ashe mai shara ce ta zare wayarsa ranar Asabar don ta jona butar lantarki, ta manta ta tafi gida. Insulin ɗinmu duk yana ciki, wato allurar masu ciwon suga. Abin tsoro da maganin nan, in zafi ya lalata shi sau da yawa ba ya wari, ba ya sauya kala. Mutum zai tsira wa kansa allura hankali kwance, alhali da shi da ruwa kusan ɗaya.

Na gaya wa mai kanti. Ya mayar da waya, ya ce ɗan wannan zafin ba ya kashe magani, in bar karatun littafi a makaranta. Bai rufe baki ba sai ga Baba mai gyaran agogo, wanda teburinsa ke tsallaken titi, yana zolayata da "ƙaramar likita" kamar kullum. Mai kanti na tsaye a kaina. Na ɗauko kwalbar insulin ɗin da Baba ya zo saya, na naɗe, na miƙa masa, har da cewa Allah ya ƙara sauƙi.

Tun shekaranjiya Baba bai fito teburinsa ba. Duk motar asibitin da ta wuce sai in leƙa in ga inda ta nufa. In kuwa na yi magana, mai kanti ba zai sa mini hannu a takardar kammala horo ba, kuma kin san don darajar Abba ya ɗauke ni. Tsoro nake ji, Yaya. Kada ki gaya wa Umma.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya, yara na gaida ki. Wato har yanzu halin nan yana nan? Tun kina ƙarama in kin fasa kofi sai ki laɓe bayan ƙofa kina leƙe, ko zai haɗe da kansa. Yanzu kuma kin tsare teburin tsoho da ido. Kallon tebur magani ne?

Ni ban san komai a harkarku ba, amma ke kin sani, shi ya sa kika kasa barci. Ki tambayi masu sana'ar layin inda gidansa yake, ki je yau. Maganar Abba ki bar mini, ni zan tare shi. In takardar ta ƙi, ki maimaita shekarar, ba a kanki farau ba. Wallahi in kika sake rubuto mini ba ki je ba, sai na zo na ja kunnenki a gaban masu sayen magani.

Allah ya tsare.
Yayarki

*

Yaya,

Barka da aiki. Na je. Mai gyaran takalmi ne ya kwatanta mini gidan, a can aka ce Baba yana asibiti, faɗuwa ya yi a banɗaki, suga ya hau.

Na same shi an ɗaura masa ruwa, ya rame, leɓensa duk ya bushe. 'Yarsa tana ta yi masa faɗa, wai likita ya ce ko dai yana shan zaƙi a ɓoye, ko yana tsallake allura. Shi kuwa yana rantsuwa, muryar ba ta ko fita sosai, ba mai saurarensa. Da ya gan ni sai ya ce in shaide shi, ai ni na san ba ya wasa da magani.

Nan na faɗi komai, ina kuka kamar yarinya. 'Yar ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Tashi kawai ta yi ta ɗauko kwalbar daga jaka ta kai wa likita. Baba ya ce, "To kun ji. Ba ƙarya na yi ba."

Likita ya ce zai tashi, in sha Allah. Gobe hutuna ne, amma jibi da sassafe zan kwashe sauran kwalaben, mai kanti ya yi abin da zai yi.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na buɗe firji yau, babu kwalba ko ɗaya. Mai kanti ya sayar da su jiya da ba na nan, kuma ya ce 'yan wucewa ne, bai san su ba. Da na je jiyan, da na riske su.

Da ya ji na faɗi gaskiya a asibiti, ya kore ni. Ina zaune a bencin Baba a tsallaken titi, duk wanda ya fito daga kantin sai in tare shi in tambaya ko akwai mai ciwon suga a gidansu. Wasu kallon mahaukaciya suke mini. Har yanzu ban samu ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka saya ba.

Ki yi mana addu'a.
Auta