Autan Fanke

Zuwa ga Ramalan, sanyin idona, inuwata a garin da itace ke wuya, ruwan randa a tsakar ranar Arlit!

Gaisuwa mai yawa, da kewar da ta fi ƙarfin ƙirjina. Na san ka je tashar Damagaram ranar Laraba, ka ƙirga fuskokin masu saukowa, ba ka ga tawa ba. Kada ka yi fushi, masoyina, tsaya ka ji.

Ka tuna lokacin da kake tuƙa motar ma'aikatan ma'adini? Kullum da la'asar sai ka tsaya gaban kaskona, ka bar manyan fanke masu ƙyalli, ka ce kai dai autan kwaɓi kake so, wancan ɗan karkataccen da nake kankarowa daga gindin roba. Ni kuwa in ce maka maƙo ne kawai, don shi ba a sayar da shi. Wayyo, ashe zuciyata nake miƙa maka a takarda!

Da aka rufe ramin ma'adinin Akokan ka tafi Damagaram, ka ce in biyo ka a ɗaura mana aure. Wallahi na shirya. Na ɗaure kayana, na ƙi taɓa fulawa ranar, domin ka san halin kwaɓi a zafin garin nan: in ya tashi ba ya jiran kowa, ko a soya ko ya yi tsami. Na fita sallama da maƙwabta, ina ta juya yadda zan gaya wa Inna, wadda ta rantse ba za ta bar garin da aka binne Baba ba.

Ina dawowa na tarar da ita zaune gaban roba. Inna, wadda rabonta da aiki tun rasuwar Baba! Ta kwaɓa mini, ta zabga yis, kwaɓi har yana ambaliya. Ta ce, "Bara'atu, na ga kin makara, shi ne na rage miki aiki." Idonta kuwa yana kan jakata.

Ka gaya mini, hasken raina, wace 'ya ce za ta tsallake wannan robar? Na hura wuta. Ina yanka kwaɓi cikin mai, ina jin ƙahon mota tana barin gari. Fanke ma in ya soyu yakan juya da kansa, ni ko juyawa na kasa.

Ba zan yi maka ƙaryar rana ba, ban san ranar zuwana ba. Ina sonka, ina tsoron wata ta riga ni. Ka jira ni, Ramalan, ko ka zo ka roƙi Inna da bakinka. Autan kwaɓi har yau ina soya shi, kuma Nuhu ɗan kabu-kabu ya tambaya har ya gaji. Yana hucewa a gefen kasko, ban ba kowa ba.

Taka har numfashi ya ƙare,
Bara'atu