Allon Shiru Ya Raba Ni Da Inno

Goggo Atika, don Allah ki agaza mini, na jefa kaina cikin tsaka mai wuya.

Ni Kirista ce, a Gawon Nama nake zaune, cocinmu kuma yana Sabon Gari. Ranar Lahadin farko ta shekara fasto ya ce kowa ya yi addu'a ya zaɓi kalma ɗaya da za ta yi masa jagora har Disamba, ya tashi ya faɗe ta a gaban jama'a. To ni a layin baya nake zama saboda iska. Kafin a iso kaina an kwashe masu kyan. Albarka ta tafi, Nasara ta tafi, mutum huɗu suka raba Ɗaukaka. Salama da na yi niyya kuwa, Lantana ce ta ɗauke, matar da ko kaza ta shiga gidanta sai an je gaban mai unguwa. Raina ya ɓaci. Na miƙe na ce tawa kalmar Shiru ce.

Ban taɓa jin tafi irin na ranar ba, Goggo. Maigidana har da hawaye. Har yau ban gane abin da ya faranta musu rai haka ba, don ni ba mai surutu ba ce, ina dai son a fahimci magana tun daga tushenta.

Na riƙe abin da gaske. Na sa aka rubuta mini SHIRU da jan fenti a allo, na rataye a tsakar gida. Na zagaya gidajen matan zumuntar cocinmu goma sha ɗaya na yi musu bayanin irin shirun da zan yi. Na ware Laraba ta zama ranar da ko sannu ba na cewa.

Laraba ce kuwa Inno ta shigo. Maƙwabciyata ce, Musulma, katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha tara. Ita ta zauna da ni a asibiti da na haifi ɗana na fari. Ta zo da goro da alawa, baki har kunne, wai an sa ranar auren ɗiyarta Sadiyatu, kuma ni za ta damƙa wa girkin biki. Daɗi ya kama ni, amma Laraba ce. Sai na ɗaga yatsa na nuna mata allon. Inno ta yi makarantar yaƙi da jahilci, ta karanta shi tsaf. Ta dube ni, ta tattara goronta ta fita.

Yau mako uku ba ta amsa gaisuwata. Ta gaya wa mata cewa ta kawo mini albishir na ce ta rufe mini baki, har da rubutawa. Biki Asabar mai zuwa ne, an ba wata girkin. Kullum sai na yi kuka, don yarinyar nan a bayana ta girma. Amma in na je na yi dogon bayani, Lantana za ta ji cewa na karya kalmata shekara ba ta je ko'ina ba. Ya halatta in sauya kalma? Wannan kuma rubutu ne ba magana ba, kada a lissafa mini shi.

Mai Shiru, Gawon Nama

AMSA

'Yar'uwa Mai Shiru, ki yi haƙuri na rage wasiƙarki. Shafi tara ce, filin nan ba zai ɗauka ba.

Niyyarki mai kyau ce, kuma tafin da aka yi miki ya nuna kalmar ta sami mai ita. Sai dai fasto cewa ya yi ku zaɓa da addu'a, ke kuwa da haushin Lantana kika zaɓa. Shi ya sa har yanzu abin da za ta ji ya fi damunki fiye da abin da Inno ta riga ta ji.

Ki duba ta wajen Inno. Ba ta coci ranar, ba ta cikin gidaje goma sha ɗaya da kika zagaya. Kowa ya sami bayanin shirunki sai wadda katanga ɗaya ta raba ku. Ko ni aka nuna wa allon nan ina riƙe da goron bikin 'yata, da na yi abin da ya fi nata. Ita ma fushin ya yi tsawo, amma ke kika fara, ke za ki taka.

Kada ki sauya kalma, ba ki ma fara aiki da ita ba. Ki sauke allon. Gobe da safe ki shiga gidanta, ki ce ta yafe miki, ki faɗa mata dalili a taƙaice. Na ce a taƙaice. Daga nan ki zauna ta wanke ki tas, kada ki katse ta, kada ki gyara mata zance ko da ta ƙara gishiri. Girki ya wuce ki, ki roƙi wanke-wanke.

Wannan zaman zai fi miki Laraba goma wuya, don a nan ne za ki yi shiru wata na magana. Allah ya ba ki ikon jurewa, ya sanyaya zuciyar Inno, ya ba Sadiyatu zaman lafiya a ɗakinta.

Goggo Atika